Rakiyar Soron Jatau

Ku matso kusa. Ke Uwani, rage fitilar nan, hasken ya yi yawa. Wanda ya san bai iya riƙe tsoro ba ya tashi ya tafi wurin Inna tun yanzu, don in na fara ba na tsayawa lallashi.

Duk kun taɓa jin Soron Jatau, ko da a waya ne. Yana can Gangaren Marke, bayan tsohuwar kasuwa. Katafaren ginin ƙasa ne mai bene, zaure na bin zaure, azararsa ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Wani madugu ne ya gina shi tun zamanin fatauci da jakuna. An ce mutum ne mai son baƙi har abin ya zame masa kamar ciwo. Wata shekara ya sauki wasu fatake, da za su tafi ƙyuya ta kama shi bai taka musu ba, 'yan fashi suka gama da su a bakin rafi. Daga ranar ya rantse babu wanda zai ƙara fita daga gidansa shi kaɗai. Ya mutu, iyalinsa suka watse, jemagu suka gaje ɗakuna. Rantsuwar ce dai ba ta mutu ba. Wasu suka ce shi ne yake dawowa. Malamai suka ce matacce ba ya dawowa, wani ne daga cikin mutanen ɓoye ya ɗauki kamarsa, ya ɗauki alkawarinsa. Ni dai ban tsaya tantancewa ba.

Wannan labarin ne yake kawo mutane. Mota-mota ake zuwa, ɗalibai da 'yan birni, da masu ɗaukar bidiyo suna yi wa waya raɗa kamar da gaske. Ɗan Adam in ya ƙoshi, da ƙafarsa yake zuwa neman tsoro. Mai zagayawa da su wata tsohuwa ce, Iya Gambo, 'yar ƙanƙanuwa, ba a taɓa ganin haƙoranta ba. Takan nuna musu rijiyar tsakar gida, da matattakalar bene, da ɗakin da ake jin tari a ciki. In an fito, sai ta sa kowa ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya ya fuskanci zauren da babu kowa, ya ce, "Rakiya ta isa haka. A koma gida, mun gode." Baƙi su faɗa suna ƙunshe dariya. A wurinsu wannan ne gishirin yawon.

To, akwai wani direba, Lawandi, mai jan wata farar bas da ake ɗauka shata zuwa can. Ya kai baƙi gidan nan ba adadi, amma bai taɓa sa ƙafarsa ciki ba. Shi ya ce ba tsoro ba ne, wai ginin da ba a sayar da abinci a cikinsa bai ga abin kallo ba. Yakan ajiye mota a gindin marken da ke tsallaken hanya, ya kwantar da kujera, ya rufe fuska da hula. Kalmomin Iya Gambo yana jin su daga nesa kamar tallan ƙosai, su shiga ta nan su fita ta can.

Ranar da abin ya faru, hankalinsa ma ba ya jikinsa. Matarsa Tasalla ta haihu, 'ya mace, bayan sun daɗe suna nema har dangi sun fara yi musu kallon tausayi. Ko suna ba a yi ba tukuna. Tun safe bakin Lawandi ya ƙi rufuwa. Duk wanda ya shiga motar nan sai ya ga hoton jaririyar, ko ya so ko bai so ba. Burinsa ɗaya ne, ya mayar da ɗaliban da ya kawo, ya sayo wa mai jego tsire mai zafi, ya je ya zauna yana kallon 'yan yatsun nan.

Rana ta yi ja, kowa ya shiga mota, har ya tayar da inji, sai wata ɗaliba ta dafe ƙirji ta ce ta manta jakarta a ciki. Aka dubi juna. Waɗanda ɗazu suke cika baki a gaban waya duk suka sami abin dubawa a ƙasa. Iya Gambo ba ta bakin ƙofa, ƙofar kuwa an turo ta ne kawai, ba a kulle ba. Lawandi ya ja tsaki ya sauka. Almuru ne fa, lokacin da iyayenmu suke kora yara ɗaki.

Ya tura ƙofa. Wani sanyi ya tare shi, irin na cikin randa. Baki ya saba, sai ya yi sallama.

Aka amsa.

A hankali aka amsa, cikakkiya, har ƙarshenta. Wani dattijo ne zaune a kan dakalin zaure na biyu, da farin rawani, da babbar riga da ta sha jiki har ta koma ruwan ƙasa. Jakar tana kan cinyarsa, ya ɗora mata hannu biyu kamar mai riƙon amana. Lawandi ya ce a ransa mai gadi ne. Ya rusuna ya gaishe shi. Dattijon ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ɗaya bayan ɗaya, ba ya gaggawa. Lawandi yana ta lafiya lau, lafiya lau, don a gama. Muryar ce kawai ta ɗan dame shi. Bakin yana motsi a gabansa, amma maganar daga bayan kunnensa take fitowa.

Ya karɓi jaka ya yi godiya. Dattijon ya miƙe.

"Mu je in taka maka."

"Haba Baba, ka huta."

"Ba a fita daga gidan nan haka."

Suka nufi ƙofa, Lawandi a gaba. Rigar dattijon tana jan ƙasa, ta rufe ƙafafunsa ruf. Amma daɓen zauren yana faɗin abin da rigar ta ɓoye. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Lawandi ya gaya wa kansa takalmin katako ne irin na mutanen da.

Daidai bakin ƙofa wani ɗalibi ya danna hon ɗin motar, ya sake dannawa. Kun san direba, ka zage shi ya fi masa sauƙi da ka taɓa masa hon. Ran Lawandi ya ɓaci, ya tsallake dokin ƙofa yana faɗa tun daga nesa, ya haye mota ya ja. Bai juya ba. Bai ce wa dattijon komai ba. Sauri ya haifi nawa.

A hanya babu abin da ya faru, in ban da wata yarinya a kujerar baya da ta yi ta cewa a rufe taga sanyi take ji, alhali duk tagogin a rufe suke. Ya sauke su a ƙofar makarantarsu bayan magariba, suka watse da hayaniyarsu. Motar ta zama wayam. Amma da ya ja, sai ya ji bayanta da nauyi, kamar an ɗora buhunan hatsi. Ga wani ƙamshi, tsohon turaren wuta gauraye da warin jaki. Ya leƙa madubi, kujeru ne kawai. Ya kunna rediyo, ya kashe.

Ya tsaya wurin mai tsiren bakin tasha, inda ya saba saye. Mai tsire ya yi masa barka, yana yanka yana zolayarsa wai yau an zama baban wata. Can sai ya ɗaga kai, ya dubi bayan kafaɗar Lawandi, ya ajiye wuƙa ya rusuna.

"Sannu da hanya, Baba." Sannan ya ce da Lawandi, "Ai sai ka ce da baƙo kake, in ƙara maka."

Lawandi bai waiwaya ba. Wuyansa ne ya ƙi. Ya karɓi ƙunshin tsiren, ya nufi mota. Takunsa, sannan wani takun. Ya tsaya, aka tsaya. Ya shiga ya rufe ƙofarsa, sai ya ji ƙofar baya ta zuge da kanta, ta kuma rufe a hankali, irin rufewar mai ladabi.

A nan ne kalmomin da ya daɗe yana ji da rabin kunne suka faɗo masa gaba ɗaya. Ya ƙanƙame sitiyari, ya ce, "Baba, rakiya ta isa haka. A koma gida, na gode."

Sannan daga bayan kunnensa aka ce, "A bakin ƙofa ake faɗin wannan, ɗana. Ka wuce ƙofa. Yanzu sai na ga shigarka gida."

Lawandi ya fara karanto duk abin da ya zo bakinsa.

"Na ji an yi mana ƙaruwa," in ji muryar. "Zan yi barka."

Lawandi kuwa bai gaya masa ba.

Ke Uwani, na ga bakinki yana motsi, za ki ce me ya hana shi zuwa masallaci. Ya je. Ya watsar da takalmansa a ƙofa, ɗaya nan ɗaya can, ya faɗa sahun lisha. A ciki babu ƙamshin, babu muryar. Aka idar, kowa ya fita, shi yana zaune yana ta addu'a, har ladan ya fara kaɗa mukulli yana gyaran murya. Ya miƙe da ɗan ƙwarin gwiwa, yana ganin an rabu. Da ya fito, sai ya tarar da takalmansa an jera su gefe da gefe, an juya su suna kallon hanya, yadda mai gida yake yi wa baƙonsa. A jiƙaƙƙiyar ƙasar wurin butoci, daf da su, ga sawun kofato ya nutse sosai, kamar na wanda ya daɗe a tsaye yana jira. Biyu ne, ba huɗu ba.

Ya shiga mota. Bai san inda za shi ba, amma hannu ya saba da hanya. Kafin ya farga yana bakin lungunsu. Ya taka burki da ƙarfi.

Daga nan yana hango gidansa. Ga fitila a zaure, ga hayaƙin murhun da aka dafa ruwan wankan jego yana tashi ta saman katanga. Yana jin muryoyin 'yan barka, mata suna shewa. Sai kuma kukan jaririyar, siriri, ya ratso duk hayaniyar ya same shi. Kujerar bayansa ta yi ƙara, irin ta wanda ya sunkuyo don ya ga da kyau.

"Wancan ne, mai koren ƙyaure?"

"A'a, Baba. Ɓatan hanya na yi."

Wayarsa ta yi kuka. Tasalla ce, tana tambaya ko ya manta yana da mai jego, tana dariya, wai 'yarsa ta ƙi barci tana jiransa. Ya ce mata mota ce ta lalace, kada a jira shi. Ya ce kada ta fito da yarinyar ko ƙofar ɗaki, kuma ta sa a rufe gida. Dariyarta ta ɗauke. Ta ce wane ne yake numfashi haka kusa da shi. Ya kashe wayar.

Ya zauna yana lissafa ƙofofin da ya sani. Gidan yayansa, yara ne cike. Gidan amininsa, matar tana da tsohon ciki. Wurin mahaifiyarsa, ita da jikokinta take kwana. Ko masaukin baƙi na tasha, ai can ma ɗan wani yana barci. Duk ƙofar da ya tuna, akwai ran wani a bayanta. Ya juya kan mota a hankali, ko fitila bai kunna ba sai da ya bar unguwar, ya kama hanyar Gangaren Marke.

Dattijon bai tambaye shi ina za su ba. Jefi-jefi dai yakan ce, nan da akwai rijiya, nan ne zangon da ake kwance wa jakuna kaya. Wuraren da yake nunawa duk daji ne da duhu.

Da suka iso, Iya Gambo tana zaune a waje da 'yar aci-balbal ɗinta, ga ƙullin kaya a gefenta. Ba ta yi mamakin ganinsa ba. Ta ce tun almuru ta ji bayanta ya yi sakayau, ta san an bi wani. Lawandi ya zube a gabanta. Ya ce zai shiga ya sake fitowa, ya faɗi kalmomin a bakin ƙofa yadda ake faɗa, ko sau nawa ake so. Ta girgiza kai, ta ce ita ma ta gwada. Rakiyar farko ba ta ƙare ba, balle a buɗe wata. Ta ce dattijon ba ya rabuwa da wanda ya wuce bai sallame shi ba, kuma duk gidan da mutumin ya kira nasa, nan zai riƙa shiga da fita. Ba mugunta yake nufi ba, shi a ganinsa zumunci yake yi. Amma jaririn da ya yi wa barka ba ya daɗewa.

Lawandi ya tambaye ta yadda aka yi ta sani.

"Ni me kake tsammani ya ajiye ni a nan? Tallan fura na shigo, ina sauri. Na kai shi gidana. Ina da goyo a lokacin." Ta gyara lagwanin fitilar. "Sauran yaran ne suka sa na dawo da shi, na ce masa nan ne gidana."

Lawandi ya tuna abin da ta ce game da jarirai. Ya gane.

Ya miƙe ya tsaya a gaban ƙofar, ƙunshin tsiren yana hannunsa har yanzu, ya yi sanyi, mai ya daskare a jikin takardar. Tsoro yake ji irin wanda bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi. Amma abin da ya fi ci masa rai, da safe ya fita yana gaggawa, yarinyar tana barci, bai ko ɗauke ta ba don kada ta farka. Ya yi kuka a tsaye, ba sauti. A bayansa ana jira, ba a matsa masa ba.

Ya yi bisimilla ya tsallake dokin ƙofa. Duhun ya haɗiye shi. Ƙwas, ƙwas, aka shigo.

"Baba, mun iso."

"Nan ne?"

"Nan ne gidana."

"Da bakinka?"

"Da bakina."

Wata doguwar ajiyar zuciya ta bi gidan, daga zaure zuwa zaure har saman bene. Jemagu suka tashi suka sake lafawa. Sai ya ji an kama hannunsa, an buɗe tafin, an ɗora masa wani abu mai nauyi, mai sanyi kamar ƙanƙara. Tsohon mabuɗi ne na baƙin ƙarfe.

"To, sannu da zuwa, ɗan gida."

Da gari ya waye, Iya Gambo ta shiga ta ɗauko butarta, ta fito, ta juya a bakin ƙofa ta faɗi kalmomin nan. Ta ɗauki ƙullinta ta nufi tasha, tana tafiya tana saurare. Babu abin da ya bi ta. Ko da gangan ta bar ƙofar nan a buɗe da almuru, Allah ne masani. Ni ban ce ba.

Lawandi ma ya gwada sa'arsa. Ya fito, ya juya, ya ce rakiya ta isa. Aka amsa masa da cewa baƙo ne yake sallamar mai rakiya, shi kuwa ɗan gida ne, su je su dawo. Tun daga ranar yana zuwa kasuwa, yana zuwa masallaci, amma ba ya taka zauren kowa. Aka yi suna ba ya nan, aka sa wa yarinya Ramlatu. Dangi suka ce ya taɓu. Aka kawo masu magani, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi har gidan ya yi kamar gobara. Da hayaƙin ya lafa, takun yana nan.

Tasalla ba ta guje shi ba. Da ta gama wanka ta ɗauko yarinyar ta zo, ta tsaya a gindin marken nan na tsallaken hanya. Rana ce tarwai, ga motocin baƙi, ga masu talla. Lawandi ya daɗe a bakin ƙofa yana kallonsu. Ya ce wa kansa ai gindin bishiya ba gida ba ne. Ya tsallaka. Ƙwas, ƙwas, a kan kwalta.

Ya miƙa hannu, Tasalla ta ɗora masa ita. Ɗumi gare ta, tana ƙamshin nono da man kaɗanya. Ya kira sunanta a hankali, hawaye yana ɗiga a kan zanen goyon. Yarinyar ta buɗe ido. Ba ta dube shi ba. Ta dubi saman kafaɗarsa, can inda kan dogon mutum zai kai. Sai ta yi murmushi, ta miƙa ɗan hannunta.

Tasalla ta ce, cikin murna, wannan ne murmushinta na farko.

Lawandi ya mayar mata da yarinyar kamar wanda ya ɗauki garwashi. "Tafi da ita. Kada ki waiwaya." Bai ƙara ɗaukarta ba.

Don haka in wata rana ƙaddara ta kai ku Gangaren Marke, za ku ga wani mutum da furfura ta cinye shi tun bai tsufa ba, yana nuna rijiya da matattakala. Shi ne. Kada ku shiga ku kaɗai, kada ku shiga in rana ta yi ja. In ya ce ku juya a bakin ƙofa, ku juya, ku faɗa da ƙarfi, ku bar dariya sai kun isa gida. Kuma duk wanda ya ce zai taka muku, ko kun san shi ko ba ku san shi ba, kada ku wuce ƙofa ba ku sallame shi ba.

Ramlatu ta girma, lafiyarta ƙalau. Takan zo da uwarta, ta tsaya a gindin marke, ta ɗaga hannu tana murmushi. Shi ma yakan ɗaga mata daga bakin ƙofa. Amma har yau bai sani ba ko shi take ɗaga wa.